Idan jirage biyu suka haɗu a ruwa, wa zai kauce?

Auta Mai Jirgi:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina koyon tuƙin ƙaramin jirgin inji a wani tafki nan Abuja, irin wanda ake zagayawa da iyalai ranakun hutu da lokacin Sallah. Mu masu koyo mun rabu gida biyu. Wasu sun ce idan jirage biyu suka doshi wuri guda, babba ke da hanya, ƙarami ya kauce. Wasu sun ce mai inji ne ke kauce wa kowa. A tafkin akwai masu kwale-kwale, akwai samari masu babur ɗin ruwa, wani lokaci har da masu iyo. Don Allah wanda ya san ƙa'ida ya warware mana.

Baba Kyaftin:
Wa alaikumus salam. Yaro, ka yi tambaya mai kyau. Na yi aiki a jirgin da ke jan manyan jirage a tashar Apapa har na yi ritaya, kuma abin da zan faɗa maka shi ake koya wa kowane matuƙi a duniya.

Akwai dokokin hana karo a teku waɗanda hukumar IMO mai kula da sufurin jiragen ruwa ta duniya, mai hedikwata a Landan, ta amince da su a 1972, suka fara aiki a watan Yulin 1977. Ga jiragen inji biyu, haɗuwa iri uku ce.

Idan kun fuskanci juna gaba da gaba, kowa ya karkata damarsa, ku wuce juna hagu da hagu. Babu mai jiran wani, ku biyun ne za ku kauce.

Idan hanyoyinku za su gitta juna, duba damarka. In ɗaya jirgin yana damarka, kai ne mai kaucewa. Ka rage gudu ko ka karkata dama ka bi ta bayansa. Kada ka yi ƙoƙarin tsallake gabansa. Shi kuma ya riƙe hanyarsa da gudunsa yadda suke, domin ka iya lissafa inda zai kai.

Idan ka biyo wani a baya kana son wuce shi, nauyin duka a kanka yake har sai ka wuce ka yi nisa. Ko kai waye, ko jirginka wane iri ne.

Amma ga abin da nake so ya zauna maka a kai tun yanzu: dokar nan ba ta ba kowa hanya kyauta ba. Kowa aiki ta ɗora masa. Wanda aka ce ya riƙe hanyarsa, in ya ga ɗayan bai da niyyar kaucewa, doka ta 17 ta ba shi damar ya kauce da kansa, kuma in abin ya matso ta wajabta masa. Idan aka yi karo, masu bincike ba sa tsayawa a kan wa ke da gaskiya. Kowanne sai an tambaye shi me ya yi don kada a yi karon.

Hajiya ta Ikorodu:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni fasinja ce, kusan kullum jirgi nake bi daga Ikorodu zuwa cikin Legas saboda cunkoson titi. Yanzu na gane abin da ya sa wani matuƙin ke rage gudu ya zagaya ta bayan ɗan'uwansa, fasinjoji na ta ƙorafi wai yana ɓata musu lokaci. Ashe shi ne ya san aikinsa.

Basarken Yawuri:
Salamu alaikum. Baba Kyaftin, girmanka ne, amma ina da ja. Wannan doka ta jiragen teku ce. Mu a ruwan Kwara aka haife mu, iyayenmu da kakanninmu sun yi fito da su tun kafin a rufe madatsar Kainji a 1968, ba wanda ya karanta musu doka ta 17. Mai kwale-kwalen da ke jan taru da asuba bai san wata dama ko hagu ta littafi ba. Abin da ya sani shi ne mai inji ya gan shi ya ba shi wuri. In yaron nan ya ɗauki littafinka ya je yana cewa ai tsohon yana haguna, shi zai kauce, wallahi sai ya hau kan mutum.

Baba Kyaftin:
Malam Basarke, ai ba mu saɓa ba. Abin da na kawo na jiragen inji biyu ne. Doka ta 18 ta jera wa zai kauce wa wa in jiragen ba iri ɗaya ba ne. Mai inji zai kauce wa jirgin da ya lalace ya kasa juyawa, da wanda aikinsa ya ɗaure shi kamar mai yashe ƙasan ruwa, da masunci mai raga a ruwa, da jirgin da iska ke turawa. Ka ga masuncinka yana ciki. Sharaɗin kawai kayan sun nasa su zama irin waɗanda ke hana shi juyawa. Wanda ya fito shaƙatawa ya jefa ƙugiya ɗaya yana ja a bayan jirginsa ba ya cikin wannan lissafi.

Inda kake da gaskiya shi ne, dokar ta ce ta shafi teku da ruwan da ke haɗe da shi wanda jiragen teku ke iya shiga, kuma ta bar wa kowace ƙasa ta tsara na kogunanta da tafkunanta. A Nijeriya wannan aikin NIWA ne, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida da aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, a Legas kuma akwai LASWA ta jiha. Tafkin Auta ba teku ba ne. Amma dokokin cikin gida a ko'ina a kan wannan tushe ake gina su.

Basarken Yawuri:
To kwale-kwale mai filafili fa, wanda ba raga yake ja ba? Tsohuwa ta ɗauko itace da jikanta za su haye. Ina sunanta a jerin naka?

Baba Kyaftin:
Ba ta cikin jerin. Gaskiya ce wannan. Amma doka ta 2 ta ce babu abin da zai wanke matuƙin da ya bar abin da hankali da al'adar ma'abota ruwa suka sani. Kai kana da inji mai ƙarfi, ita tana da hannu biyu da filafili. Babu alƙali ko Sarkin Ruwan da zai saurare ka in ka ce ita ya kamata ta kauce.

Basarken Yawuri:
Yawwa. Haka nake so yaron ya ji. Kuma a ƙara masa da wannan, domin shi ne abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Ba sai ka buge kwale-kwale kake kifar da shi ba. Igiyar ruwan da injinka ke tayarwa ta isa. Kwale-kwalen da aka yi wa lodin buhunan shinkafa ko albasa, tsakanin bakinsa da ruwa wani lokaci bai wuce tafin hannu ba. Kai ka wuce a guje ka yi gaba, ba ka ma waiwaya ba, igiyar ta iso bayan ka yi nisa ta cika masa jirgi. Kai a ranka ba ka taɓa kowa ba, alhali ka bar mutum yana kwarfar ruwa da ƙwarya ko ma ya rasa kayan da ya yi shekara yana nomawa.

A wurinmu yaron da aka ba inji, abu na farko da ake koya masa shi ne sassauta mai tun daga nesa, ba sai ya zo daidai da mutum ba. In ka sassauta a kurkusa, igiyar da ka riga ka tayar tana nan tafe. Haka a bakin mashaya inda mata ke wanki, yara na wanka, da inda aka ɗaure jirage. Ka shigo a hankali, ka yi sallama, ka ɗaga hannu. In ka ga gora ko jarka na yawo a kan ruwa a jere, raga ce a ƙasa, ka zagaya. Farfelar injinka za ta yanka ta cikin daƙiƙa ɗaya, mai ita kuwa bashi ya ci ya saya.

Auta Mai Jirgi:
Kawu, na gode. Wannan na igiyar ruwa ba a taɓa faɗa mana shi haka ba. Fasinjoji su ne ke cewa a ƙara wuta, musamman matasa masu ɗaukar bidiyo.

Basarken Yawuri:
Fasinja ba shi ke riƙe da inji ba, ɗana. Kai ne za a tambaya.

Ɗalibi a Ingila:
Assalamu alaikum. Ina karatu a Southampton, kuma na shiga ƙungiyar ɗalibai masu tuƙa jirgin ƙyalle, wato wanda iska ke turawa. Bari in ƙara a kan maganar Baba, ko da yake irin wannan jirgi bai yawaita a wajenmu ba sai a Legas.

In jiragen ƙyalle biyu suka haɗu, iska ake dubawa. Wanda iska ke bugowa ta hagunsa shi zai kauce wa wanda take bugowa ta damarsa. In duka biyun ta gefe ɗaya take buso musu, wanda ya fi kusa da inda iskar ke fitowa shi zai kauce, domin shi ke samun iska mai kyau, ɗayan kuwa ƙyallen na farko na iya tare masa ita. In kuma ka kunna inji, ko ƙyallenka na sama, ka zama jirgin inji a idon doka, ba ka da wata alfarma.

Abin da malamanmu suka fi nanatawa shi ne kada mu ruɗu da cewa mai inji zai kauce mana. Ruwan da muke fita, wanda ake kira Solent, manyan jiragen kwantena da na yawon buɗe ido ke bi su shiga tashar Southampton. Doka ta 9 ta ce a hanya mai ƙunci, jirgin ƙyalle ko duk jirgin da tsawonsa bai kai mita 20 ba kada ya tare wa babban jirgin da ba zai iya fita daga zurfin ba. Ka ga a nan abokan Auta masu cewa ƙarami ke kaucewa sun yi daidai. Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya.

Wani abin lura, a Ingila motoci hagu suke bi, amma a kogi da mashigi mai ƙunci dama ake bi, kamar ko'ina.

Baba Kyaftin:
Madalla da ɗalibi. Wannan doka ta 9 ita ce ke ci mini rai a Legas. Ranar Lahadi ka ga ƙananan jirage cike da masu zuwa shaƙatawa Tarkwa Bay suna gitta hanyar da manyan jirage ke bi su shiga Apapa da Tin Can. Matuƙi ya hango jirgi ya ga kamar a tsaye yake, saboda girmansa yana ɓoye gudunsa. Ba a tsaye yake ba. Kuma jirgi ba shi da burki. Ko an ba injin baya, nauyinsa zai ci gaba da tura shi nesa mai yawa kafin ya tsaya, in kuma ya karkata daga zurfin sai ya kafe a yashi.

Sannan wanda ke ɗakin tuƙi ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin hancin jirginsa. Ƙa'idar gina jirage ta yarda wurin da ba ya gani a gabansa ya kai tsawon jirgin sau biyu ko mita 500, wanda ya fi ƙanƙanta a ciki. Ka auna mita 500. In ba ka hango tagogin ɗakin tuƙinsa, shi ma bai gan ka. In injinka ya mutu a nan, ba wanda zai san kana wurin.

Sai kuma jirgin da ke jan wani jirgin kaya marar inji, irin masu ɗaukar kwantena a cikin lagun. Kada ka taɓa bi tsakaninsu. Akwai igiyar ƙarfe a tsakani, wani lokaci ta nutse ba a ganinta, in ta miƙe kuwa za ta tsinke duk abin da ta samu. Da dare in ka ga fararen fitilu biyu ko uku a jere ɗaya bisa ɗaya a kan jirgi, yana jan wani abu ne, ka nemi abin da yake ja kafin ka motsa.

Hajiya ta Ikorodu:
Baba, ya mutum zai gane cewa karo za a yi tun ana nesa? Ni dai sai in ga jirgi can, kafin in ankara ya iso.

Baba Kyaftin:
Hajiya, akwai dabara mai sauƙi, ko fasinja zai iya. Ki zauna wuri ɗaya, ki daidaita wancan jirgin da wani abu a jikin naku, ƙarfen rumfa ko kan wani ƙusa. Ki ɗan jira ki sake dubawa. In ya matsa gaba da alamar, zai wuce ta gabanku. In ya koma baya, ta bayanku zai bi. In yana nan daidai wurin bai gusa ba amma yana ƙara girma, to wuri ɗaya za ku haɗu. Wannan ita ce doka ta 7.

Shi kuma matuƙi in zai kauce, ya kauce da wuri kuma ya yi juyi babba wanda ɗayan zai gani ya gane. Ɗan karkace-karkace kaɗan-kaɗan shi ke ruɗa mutane. Akwai kuma maganar hon. Busa gajere ɗaya, na karkata dama. Biyu, na karkata hagu. Uku, na ba injina baya. Biyar ko fiye a jere da sauri, ban gane nufinka ba, ka farka. In za ka sha kwana a kogi inda ba ka ganin gaba, busa dogo ɗaya, na daƙiƙa 4 zuwa 6, mai tahowa ya amsa. Wanda ba shi da hon ya rataya usur a wuya.

Ɗan Yamai:
Salamu alaikum mutanen Nijeriya. Daga Yamai nake bin zancen. Ruwan ɗaya ne da na Yawuri, shi ya gangaro ta Gaya ya shigo muku. Ina son Malam Basarke ya faɗi yadda suke yi in an haɗu a wuri matsattse, ɗaya na gangara ɗaya na hawa. Mu nan mai hawa ke dakatawa.

Basarken Yawuri:
Haka yake a wurinmu ma, ɗan'uwa. Mai gangara ruwa ke tura shi, ko ya kashe inji ba zai tsaya ba, kuma jirgin da ruwa ke ɗauka ba ya jin juyi sosai. Mai hawa kuwa yana iya sassauta mai ya tsaya cak wuri ɗaya, ruwan na riƙe masa kan jirgi. Saboda haka shi zai raɓe ya jira. Wannan ba a littafi muka gani ba.

Baba Kyaftin:
Amma yana cikin littafi, Malam Basarke. A Amurka, a kogin Misisipi da rassansa, dokarsu ta cikin gida ta ba mai gangara da ruwa fifiko a kan mai hawa, saboda wannan dalilin da ka faɗa. Dokokin nan ba daga sama suka faɗo ba. Matuƙa ne irinku suka sha wuya, aka tattara abin da suka koya aka rubuta. Amfanin rubutawar shi ne baƙo da ɗan gari su yi abu iri ɗaya ko ba su jin yaren juna. Yau a Kainji akwai Basarke, akwai Banufe, akwai Bakambare, akwai wanda ya sayi inji jiya. In kowa da tasa al'adar, wa zai san inda wani zai juya?

Basarken Yawuri:
Na yarda da wannan. Amma wa ya kawo mana rubutun? Sai an yi asarar rayuka a zo da motoci da 'yan jarida, a raba rigunan kariya kaɗan, a tafi. A zauna da Sarkin Ruwa na kowace tasha, a fassara abin nan da Hausa da Nufanci, a karanta a rediyo. Matuƙanmu ba ƙin koyo suke yi ba.

Malama daga Kano:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma akwai abin da nake ganin an tsallake. Ana ta maganar wa zai kauce, alhali yawancin mutanen da muka rasa a Arewa ba karo ne ya kashe su ba. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari a Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. A watan Mayun shekarar jirgi ya nutse a wajen Warra a jihar Kebbi, mutane sama da 100 suka salwanta. A Yunin 2023 a ƙaramar hukumar Patigi ta jihar Kwara, 'yan biki masu dawowa cikin dare, su ma sama da 100. A dukkansu abin da aka yi ta ambata shi ne lodi fiye da kima da rashin rigar kariya. Ni malamar makaranta ce, in na tuna yaran Bagwai sai in ga fuskokin 'yan ajina.

Auta, kai da kake ɗaukar iyalai, roƙona gare ka: ka ƙirga kujerunka, ka ƙirga rigunanka, kada mutum ɗaya ya ƙaru a kai. Ranar Sallah za a matsa maka, uba zai ce ai wannan ƙarami ne a cinya zai zauna. Ka ce a'a cikin ladabi ka tsaya a kai.

Wani Bawan Allah:
Malama, Allah ya jiƙansu. Amma in ajali ya zo ai riga ba ta hanawa.

Malama daga Kano:
Ba wanda ya ce tana hana ajali, Malam. Amma yaron da aka ba ka amana, in ka sa shi a ruwa ba tare da abin da zai riƙe shi ba alhali kana da iko, Allah zai tambaye ka amanar. Mutum yana rufe ƙofar gidansa da dare kuma bai fita daga tawakkali ba.

Basarken Yawuri:
Malama, a kan lodi da riga ina bayanki ɗari bisa ɗari. A kan tafiyar dare kuwa a yi mana adalci. Hukuma ta hana tashi bayan ƙarfe shida na yamma, kuma na san dalili. Ƙarƙashin tafkin Kainji cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye lokacin da aka rufe madatsa, da rana ma sai wanda ya san hanya. Amma kasuwar ƙauye ba ta watsewa sai yamma, titin da za a bi ko babu shi ko kuma ana tsoron 'yan bindiga. Mace mai naƙuda ba ta jiran gari ya waye. Mutane ba don ganganci kawai suke shiga ruwa da dare ba.

Malama daga Kano:
Na ji wannan, Malam, kuma ban musa ba. Mai naƙuda lalura ce. Amma 'yan biki da masu yawon shaƙatawa ba su da wannan uzuri. A kwana a tashi da safe.

Baba Kyaftin:
Ku biyun kuna da hujja. Wanda lalura ta fitar da dare, aƙalla a gan shi. Jirgin inji yana da jar fitila a hagu, koriya a dama, fara a sama da baya. Amfaninsu ke nan: in ka hango ja, gefensa na hagu kake gani, yana gitta ka daga damarka, kai za ka kauce. In kore ka gani, ka riƙe hanyarka kana lura. In ka ga ja da kore tare, kanka yake tahowa, karkata dama. In fara kaɗai ka gani, ko bayansa kake bi, ko yana tsaye a kan anka, ko ƙaramin jirgi ne. Mai filafili kuwa doka ba ta nemi komai a wurinsa ba sai tocila mai farin haske da zai haska da wuri. Tocila, Malam Basarke. Wannan kam ba sai gwamnati ta kawo ba.

Lokacin hunturu in hazo ya sauka, ko da rana ne, babu sauran maganar wane ke riƙe hanya. Kowa ya rage gudu yadda zai iya tsayawa a iyakar abin da idonsa ke gani, mai inji ya riƙa busa dogo ɗaya duk bayan abin da bai wuce minti 2 ba.

Ɗalibi a Ingila:
A kan maganar gani da ji, akwai abin da ya faru a nan wanda har yau ake koyar da shi. Ranar 20 ga Agustan 1989, cikin dare, wani jirgin shaƙatawa mai suna Marchioness yana ɗauke da matasa masu bikin zagayowar ranar haihuwa a kogin Thames, a tsakiyar Landan. Wani babban jirgin yashi mai suna Bowbelle ya biyo shi a baya ya banke shi kusa da gadar Southwark. Cikin abin da bai kai minti ɗaya ba ya nutse, mutum 51 suka mutu. Binciken da aka yi daga baya ya gano cewa a jiragen biyu ba a sa ido yadda ya kamata ba. Na baya bai ga na gaba ba, na gaba bai lura da abin da ke bayansa ba. A cikin birni, ga fitilu ko'ina, ga matuƙa masu lasisi.

Doka ta 5 ta ce a riƙa lura da ido da kunne a kowane lokaci. Ina kawo wannan ne saboda na ga bidiyon jiragen shaƙatawa na gida, an ƙure kiɗa har ba mai jin wani, matuƙi na riƙe da waya yana ɗaukar fasinjoji hoto. In wani ya busa maka biyar a wannan hali ba za ka ji ba.

Auta Mai Jirgi:
Yaya, akwai wata jar igiya mai lanƙwasa a jikin makunnin injinmu. Wasu naɗe ta suke yi a sitiyari. Mene ne aikinta?

Ɗalibi a Ingila:
Ƙanena, a ƙafarka ko a rigarka ake ɗaura ta, ba a sitiyari ba. In igiyar ruwa ta wurga ka waje, sai jar igiyar ta fizge ta kashe injin nan take. In ba ka ɗaura ba, jirgin zai ci gaba da gudu ba matuƙi, kuma yawanci zagaye yake yi ya dawo kan waɗanda suka faɗa ruwa, farfela na juyawa. Haka ta faru da wasu iyali a Padstow a kudu maso yammacin Ingila a watan Mayun 2013, uba da 'yarsa suka rasu, wasu suka ji munanan raunuka. A Amurka tun Afrilun 2021 doka ta wajabta amfani da ita a ƙananan jiragen inji. Masu babur ɗin ruwa su ma haka, kuma su sani doka tana kallonsu a matsayin jirgin inji, duk abin da Baba ya lissafa ya hau kansu.

Ɗan Yamai:
A ƙara da dorina. Nan wajenmu har kusa da gari ana ganinsu. In ka hango kunnuwa a kan ruwa ka ba ta fili mai yawa, musamman mai ɗa. Kada a matsa don ɗaukar hoto.

Hajiya ta Ikorodu:
Ni abin da ke damuna rigunan kansu. Ana ba mu a tasha, amma wata igiyarta ta tsinke, wata soson cikinta ya mutu. Mutane su rataya a wuya ba su ɗaure ba, da an bar tasha su cire saboda zafi. Kuma in na tafi da jikata, ta manya ake sa mata.

Baba Kyaftin:
Hajiya, rigar manya a jikin yaro haɗari ce. Da ya faɗa ruwa rigar za ta yi sama, shi ya zame ta ƙasa. Ki saya mata tata daidai nauyinta, ana rubuta kilo a jiki, ki nemi mai igiya da ke bi ta tsakanin ƙafafu da abin tallafe wuya. In kin ɗaura mata, ki kama kafaɗun rigar ki ɗaga sama. In ta haura kunnuwanta, ta yi mata yawa. Taki ma ki gwada ta haka, kuma in an miƙo miki mai tsinkakkiyar igiya ki mayar ki ce a canza kafin ki shiga. A kan hijabi ake ɗaura ta, ba a ƙarƙashi ba, kuma a tattare bakin hijabin kada ya yi ta yawo kusa da inji.

In wani ya faɗa ruwa, mutum ɗaya ya yi ihu ya nuna shi da hannu kada ya ɗauke ido daga kansa, domin kan mutum a ruwa saurin ɓacewa yake. A jefa masa abin da ke yawo, ko jarka ce da aka rufe bakinta. Fasinjoji kada su taru gefe ɗaya, nan ne jirgi ke kifewa. Matuƙi ya juyo a hankali, ya cire giya ko ya kashe inji kafin mutumin ya zo kusa da bayan jirgi. Wanda kuma yake wucewa ya ga ana neman agaji, wajibi ne ya tsaya muddin ba zai halaka nasa mutanen ba.

Basarken Yawuri:
A wurinmu wanda ya wuce jirgin da ke nutsewa bai tsaya ba, ba zai sake ɗaure jirginsa a tashar ba. In kuma za a ɗauko mutum cikin kwale-kwale, kada a jawo shi ta gefe. Ta baya ko ta goshi ake hawo da shi, sauran mutane su zauna ƙasa su daidaita nauyi. Wanda bai iya ruwa sosai ba kada ya yi tsalle ya bi shi, mai nutsewa riƙe mutum yake da ƙarfin da ba a zato. A miƙa masa filafili ko gora.

Malama daga Kano:
Baba Kyaftin, in ka yarda zan tattara abin da ka rubuta kan dama da hagu da fitilu da busa, in haɗa da na Malam Basarke kan igiyar ruwa da raga, in buga a takarda ɗaya. Akwai iyayen ɗalibaina da ke fito a Tiga da Bagwai.

Baba Kyaftin:
Na yarda, Malama. Ki turo mini in duba kafin ki buga. A sa zane, jirage biyu da kibiya, domin wanda bai iya boko ba ya gane. Malam Basarke kuma ya yi mana shi da murya a tura wa matuƙa ta waya, sun fi jin nasu.

Basarken Yawuri:
Zan yi in sha Allahu, bayan kasuwar jibi. Amma Baba ka rubuto mini na fitilun nan daban, a taƙaice, in fara haddace shi tukuna.